Takobi a Diffa: Me Ya Sa Gwani Ɗaya Ke Daɗewa Yana Kaye?

A ƙarshen Disambar 2022 garin Diffa ya karɓi baƙuncin gasar takobin kokawar gargajiya karo na 43. Jihohin Nijar takwas suka hallara, kowace da 'yan kokawa goma. Garin ya shafe shekara bakwai cikin dokar ta-ɓaci, don haka ganin fili cike da makaɗa da masu kirari ya sanyaya zukatan mutane. Takobin kuwa ya koma hannun da ya saba da shi: Kadri Abdu, wato Issaka Issaka na Dosso, ya ɗauka karo na biyar. Shekara ta zagayo ya ƙara na shida a Agadas, sai a Disambar 2024 Abba Ibrahim na Yamai ya karɓe shi a cikin Dosso.

Ƙarfi da dabara Issaka yana da su, babu mai gardama. Amma daɗewa irin wannan tana nuna cewa kokawar kanta ta sauya. Lokacin da aka fara gasar a Tawa a 1975, Kantu na Maradi ya yi nasara, ɗan kokawa manomi ne kafin komai. Sai an gama kaka, hatsi ya shiga rumbu, sannan a buga ganga. Yau wanda ya ɗauki takobi yana tashi da miliyoyin sefa, ga kyaututtukan attajirai da 'yan siyasa, ga talabijin da rediyo suna kai sunansa kowace rugga. Wanda ya ci sau ɗaya ya sami abin da zai ci da kyau, ya yi jinyar rauni, ya yi atisaye shekara cur. Abokin karawarsa kuwa daga gona ko kasuwa ya fito, ya yi 'yan makonni a sansanin jiha. Tsarin gasar ma yana taimakon tsohon hannu, tunda faɗuwa ɗaya ke raba mutum da takobi, kuma gogagge ya san yadda zai jira matashi mai zafin kai ya yi kuskure.

Irin wannan mamaya akwai ta a wata duniyar da ba ta yi kama da tamu ba. A Norwe, ƙasa mai mutum kusan miliyan biyar da rabi, wasan da ke matsayin kokawa shi ne tseren dogon zango a kan dusar ƙanƙara. Johannes Klaebo, haifaffen 1996, wanda kakansa ya horar tun yana yaro, ya kwashe zinare shida cif a gasar duniya ta 2025 a garinsu Tironhaim. Kafinsa Marit Bjorgen ta tara lambobin Olamfik 15, takwas na zinare. Can ma ana ƙorafin cewa sanin mai nasara tun kafin a tashi yana rage wa wasan armashi a sauran ƙasashe. Sai dai Norwe ba ta jin tsoron ranar da gwani zai tsufa, domin ta gina gindin abin. Ƙungiyoyin unguwa iyaye ke riƙe da su kyauta, dokar wasanninsu ta hana a kai yara gasar ƙasa kafin shekara 13, kuma akwai cibiyar Olympiatoppen mai kula da horo da lafiyar waɗanda suka yi fice. Dubban yara ke shiga, a tace a sami ɗaya.

Mu ma muna da gindin, kuma babu gwamnatin da ta gina shi: dandalin ƙauye ne da daren farin wata. A kwarin kogin Komadugu na jihar Diffa wannan dandalin ne ya watse. Tun harin Boko Haram a Diffa da Bosso a Fabrairun 2015, ƙauyukan bakin kogi da dama suka tashi, mutane suka koma zaman bukkoki a gefen babbar hanyar ƙasa. An sa dokar hana fitar dare, an hana hawan babur, an taƙaita kamun kifi da cinikin jan tattasai, wanda shi ne arzikin garuruwan Gueskerou da Chetimari. Ambaliyar kogin a 2019 da 2022 ta ƙara cinye gonaki. Wa zai kira makaɗi ya sa kyautar rago alhali bai sayar da buhu ko ɗaya ba? Yaron da ke da shekara goma a 2015 ya girma ba tare da ya saba kokawar dare tsakanin ƙauye da ƙauye ba, kuma shi ne ya kamata a ce yana cikin goman Diffa a yau. Wannan asara ce da ba ta fitowa a lissafin 'yan agaji, amma tana ci mini rai.

Kuɗin da ya shiga kokawa ya yi amfani, ba na musu. Ya mayar da ita sana'ar da saurayi zai yi alfahari da ita, kuma a yankin da masu bindiga ke yaudarar matasa da kuɗi da babur, wannan ba abin rainawa ba ne. Illarsa ita ce yana taruwa a sama. Mutum tamanin ke shiga fili, kaɗan ne ke fita da abin kirki, wanda gwiwa ko kafaɗa ta ci amanarsa kuma sai ya koma gida ya yi jinyar kansa.

Gasar tana zagaya jihohi takwas, wato sai an yi kusan shekara takwas kafin ta dawo Diffa. A ganina, abin da zai yanke makomar kokawar jihar shi ne abin da ake yi da filin a tsakanin nan. Da majalisun Bosso, Gueskerou, Chetimari da Maine-Soroa za su riƙe gasar samari da rana bayan girbin tattasai, da rukunin shekaru da ma'aikacin lafiya a bakin fili, kuɗin da za su kashe bai kai na bikin buɗe gasar takobi ɗaya ba.