Tsadar Kare Itatuwan Gandun Dajin Gwamnati

Sare itacen ƙirya ko maɗobiya ba ya cin mai gatari yini guda, amma kafin wani ya tsaya a gurbinsa sai an yi shekaru ana jira, ana kuma kashe kuɗi. Waɗannan kuɗi kuwa daga baitulmalin jama'a suke fitowa, watau aljihun da ake gina makarantu da asibitoci da shi.

Dajin Yankari ya isa misali. An keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga baƙi masu ziyara a 1962. Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, sa'an nan ta mayar wa Jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne, kuma da ya dawo hannun jiha, nauyin tsaronsa ya biyo shi.

Doka ta hana sare itace a irin wannan daji, amma doka ba ta yin sintiri da kanta. Tilas a ɗauki malaman daji da masu gadi, a biya su albashi, a ba su motoci da mai, a share iyaka, a yanka hanyoyin tare gobara kowace kaka. In an kama mai laifi, sai a kai shi kotu, sau da yawa kuwa tarar da za a ci shi ba ta kai abin da aka ɓatar wajen kamo shi ba.

Dashe ya fi wannan tsada. Ana bukatar lambun renon itatuwa, da leburori, da jigila, da shingen da zai hana awaki. A 1977 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin dashen itatuwa a jihohin da ke bakin hamada, aka yi ta raba dashe ga jama'a. Amma duk inda aka dasa aka juya baya, rani da gara da dabbobi sun cinye mafi yawa. Kuɗin ranar biki kaɗan ne. Na ban ruwa da kulawa har saiwa ta kama, shi ne babba, shi ne kuma aka fi mantawa da shi cikin kasafi.

To, me ke kai mutum daji da gatari? Galibi itacen girki ne, da gawayi, da kayan gini. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun ga wannan. Tun dokar Faransawa ta 1935 itatuwa na hukuma ne, har manomi kan biya tara don ya sassabe reshe a gonarsa, saboda haka ba ya barin tsiro ya girma. Daga 1983, a yankin Maraɗi, wani malamin gona ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, ya shiga koya wa manoma su bar tohon kututture, su zaɓi mai ƙarfi su rene shi. Da hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata gawon gonarsa nasa ne, sai aka sami itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai kimanin hekta miliyan 5, ba tare da lambun reno ba.

Darasin a fili yake ga ma'aikatan da ke tsara kasafi. Gadin gandu wajibi ne, amma ƙauyen da ke samun itacen girki a gonarsa ba ya bukatar masu gadi da yawa. Har ila yau, ya kamata a auna aikin dashe da yawan itatuwan da suka rayu bayan rani uku, maimakon yawan waɗanda aka binne ranar biki.