Shekarar 1807: Kano Ta Faɗi, Ingila Ta Hana Fataucin Bayi

In ka ce wa dattijo a Makoda 1807, da wuya ya gane inda ka dosa, don ba da lissafin Turawa ake riƙe labari a nan ba. Amma ka ce masa zamanin Alwali, sai ya gyara zama.

A shekarar nan ce mulkin Haɓe ya ƙare a Kano. Mayaƙan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka ci Sarki Muhammadu Alwali a Ɗanyaya, ya gudu Zariya, daga can ya koma Burumburum, inda aka kashe shi. Malam Sulaimanu ya hau gadon sarauta.

Masu tarihi sukan tsaya kan sarakuna. Ni dai hankalina yana kan talakawan ƙauyuka irin namu, domin in an gwabza yaƙi su ake kamawa a sayar. Waɗansu aka ƙetara Sahara da su, waɗansu aka gangara da su bakin teku. A watan Mayu na shekarar, hukuma a Bahiya ta ƙasar Brazil ta gano shirin tawaye da bayi Hausawa suka ƙulla. Ka ji inda aka kai 'yan'uwanmu!

Can a Ingila kuwa, ran 25 ga Maris, aka sa hannu a dokar hana 'yan ƙasar fataucin bayi, bayan William Wilberforce ya yi kusan shekara 20 yana fama a Majalisa. John Newton, wanda ya taɓa zama kyaftin ɗin jirgin bayi kafin ya tuba ya zama fasto, ya ga wannan rana. Ya rasu ran 21 ga Disamba yana da shekara 82. A shekarar kuma aka haifi Garibaldi, jarumin haɗa kan Italiya.

Kada mai karatu ya zaci dokar ta iso Kasuwar Kurmi. Ina! An ci gaba da sayar da mutane a Kano har zuwan Turawa a 1903. Sai dai daga 1808 jiragen yaƙin Ingila suka shiga tare jiragen bayi a teku, suna sauke waɗanda suka kuɓutar a Freetown ta Saliyo. Da Hausawa a cikinsu. A bakinsu ne wani ɗan mishan Bajamushe, J. F. Schön, ya fara koyon Hausa, har a 1857 aka buga Bisharar Matta da ya fassara. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa kuwa sai a 1932 ya fito.