Rijiya da ɗigon maƙura: bayani a kan kafuwar hanyoyin lissafi

1. Gabatarwa

Birnin Damagaram yana zaune ne bisa dutse marar riƙe ruwa. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Faransawa suka maida babban birnin ƙasa zuwa Yamai a 1926. Daga baya aka shiga jawo ruwa daga rijiyoyin Gogo-Machaya da na Aroungouza. Tambayar masana ita ce: in aka ƙara janye ruwa, yaya zurfinsa zai sauka? A wannan maƙala za mu bayyana lissafin da ke amsa ta, tare da kalmomin da muke ba da shawarar a ɗauka.

2. Matsalar

Dupuit a 1863 da Thiem a 1906 sun nuna cewa gangaren fuskar ruwan ƙarƙashin ƙasa yana ƙaruwa yayin da ake kusantar rijiya, daidai da 1 a raba da nisa. Nisan 0,1 ya ba da 10, nisan 0,001 ya ba da 1000. A tsakiyar rijiyar adadin ba shi da iyaka. Wannan wuri, « point singulier » a Faransanci, muka kira ɗigon maƙura.

Tun aikin Jaswon da Symm na 1963, ana iya barin faɗin yankin ruwan a lissafa iyakarsa kaɗai, ana ɗaukar kowane ɗigo na iyakar kamar ƴar rijiya. Tasirinsu ake tarawa, wato « intégrale », wadda muka kira jimillar gutsattsari. To amma kowane ɗigo maƙura ne ga kansa.

3. Kafuwa

Muna cewa hanya ta kafu, « stabilité », idan ƙaramin kuskure a awo bai zama babba a sakamako ba. Misali: ɗigo biyu, ɗaya dama ɗaya hagu da maƙura, kowanne a nisan 0,001, suna ba da +1000 da −1000, sai su kashe juna. A kan haka Cauchy ya gina tasa ma'anar jimillar. In ɗayan ya goce zuwa 0,0011, sai ya ba da 909, ragowar 91 ta ɓata lissafin duka.

Magunguna uku aka fi sani:
a) a aza ɗigon lissafi a tsakiyar kowane yanki, domin dama da hagu su yi daidai;
b) a cire ɓangaren maƙura a warware shi da hannu, a bar wa kwamfuta sauran;
c) in awon rijiyoyin yana da kurakurai, a bi hanyar Tikhonov ta 1963, wadda ke hana sakamako yin tsalle-tsalle.

4. Kammalawa

Lissafin da bai kafu ba yana iya nuna ruwa inda babu, a haƙa rijiya a banza. Muna fatan malaman lissafi za su gwada waɗannan kalmomi a aji, su gyara mana inda muka kauce.