Makin siziyem ba shi ke rufe ƙofar jami'a ba

Ƙarshen shekarar karatu, idan aka raba buletin, gidaje da yawa a Dakoro da ƙauyukanta sukan yanke wa yaro hukunci a zama ɗaya. Uba ya miƙa takardar ga wanda ya iya faransanci, a faɗa masa ɗansa ya samu 7 ko 8 bisa 20, sai ya ce: "Wannan ba shi da kan boko, ya dawo gona." In yarinya ce, zancen aure ya taso ke nan. Yaron kuwa bai wuce shekara 13 ba, shekararsa ta farko ce a kwaleji. Wannan hukunci yana da sauri ƙwarai, kuma tsarin karatun Nijar kansa bai goyi bayansa ba.

Ga yadda tsarin yake. Bayan shekara 6 a firamare, yaro yana shiga kwaleji, wato CEG, ya yi aji huɗu: siziyem, sankiyem, katiriyem da turwaziyem, ya rufe da jarabawar BEPC. Daga nan sai lise, aji uku: segond, piremiyar da tarminal, sannan BAC. Takardar BAC ita ce mabuɗin jami'a, kuma ana samun ta ne da abin da ɗalibi ya rubuta a ɗakin jarabawa, a kan darussan ƙarshen lise. Makin siziyem ko na sankiyem ba ya shiga lissafin. Wanda ya samu 10 bisa 20 ya ci. Wanda ya kusa kaiwa ana ba shi zagaye na biyu. Wanda ma ya bar makaranta yana da damar rubuta sunansa a matsayin ɗan takara mai zaman kansa.

Ba ko'ina ake haka ba. A Amurka jami'o'i suna duba makin shekara 4 na babbar sakandare gaba ɗaya, don haka tuntuɓen shekarar farko yakan bi ɗalibi har ranar neman gurbi. A Najeriya kuwa, kusa da mu, abin ya fi kama da namu: ana neman kiredit 5 a WAEC ko NECO, har da turanci da lissafi, sannan makin JAMB. Ɗan Dakoro da ya fara da rauni ya fi takwaransa na Amurka sa'a a wannan fanni, amma ba kowa ke faɗa masa ba.

To me ke kayar da yara a siziyem? Wanda ya san ƙasar Dakoro ba zai yi saurin cewa daƙiƙanci ba ne. Yaro ya taso daga ƙauye a yankin Kornaka, ko Birnin Lalle, ko rugar da ke kwarin Tarka. A firamare malami ɗaya ya sani, wanda in abu ya cije yakan juya harshe ya yi bayani da hausa. Rana ɗaya sai ya tsinci kansa gaban malamai da yawa, kowa da darasinsa, kowa da faransancinsa, ga turanci an ƙara masa. Yaron da harshen gidansu fulatanci ne ko tamajak nauyinsa ya ninka. Dokar ƙasa ta watan Maris 2025 ta ɗaga hausa zuwa harshen ƙasa, faransanci da turanci suka zama harsunan aiki, amma ɗan kwaleji dai da faransanci yake karanta tambayar lissafi. Sau da yawa ba lissafin ne ya gagare shi ba, tambayar ce bai gane ba.

Sai zancen masauki, wanda a ganina shi ne babban abin da ke cin yaran karkara. In ƙauye ba shi da CEG, dole a nemi gidan da yaro zai zauna a gari. Wani mai masaukin yana riƙewa tsakani da Allah. Wani gidan kuwa shi ma hatsin bai ishe shi ba, sai baƙon yaro ya zama ɗan ɗiban ruwa da aike, yarinya ta zama mai daka da wanke-wanke. Ya tafi aji da yunwa, ya dawo ba fitilar karatu. Ƙara da cewa ana komawa makaranta a Oktoba, lokacin girbin gero da wake, lokacin da zazzaɓin cizon sauro bai gama sakin mutane ba. Azuzuwan kara kuma ba sa tsayawa sai an samu karan bayan girbi. Irinsu ne suka kama wuta a birnin Maradi a Nuwamba 2021, yara fiye da 20 suka rasu. Makin da aka samu cikin wannan hali yana auna halin da yaro ke ciki fiye da yadda yake auna kansa.

Kada kuma a ɗauka raunin farko ba shi da illa. Yana da ita, ta hanya uku, kuma ta farko ta fi muni: kora. Makarantar gwamnati ba ta barin ɗalibi ya yi ta maimaita aji ba iyaka. Wanda ya yi dubule ya sake faɗuwa, ko makinsa ya yi ƙasa sosai, ana sallamarsa. Mai hali ya kai ɗansa makarantar kuɗi a Maradi, talaka kuwa shi ke nan. Da yawa daga cikin waɗanda suka rasa jami'a ba a ƙofarta aka tare su ba, tun a siziyem da sankiyem suka zube.

Ta biyu ita ce giɓin da ke tafiya da yaro. Lissafi kamar ginin tubali yake, in sahun ƙasa ya karkace, duk abin da aka ɗora a kai zai bi shi. Wanda bai iya kasa lamba kashi-kashi ba a siziyem, zai sha wuya da aljabra a katiriyem, kimiyyar fizik kuma ta zame masa duhu a segond. Ana iya wucewa aji da taimakon makin wasu darussa, giɓin yana nan bai tafi ba. Shi ya sa maimaita aji kawai, da littafi ɗaya da yunwa ɗaya, ba ya gyara komai. Abin da ke gyarawa shi ne a gano daidai inda zaren ya tsinke, a koma can, ko da littafin CM2, ajin ƙarshe na firamare, za a ɗauko. Babu kunya a ciki.

Ta uku tana zuwa a lise, wajen rabon sashe. Sashen A na adabi ne da falsafa da harsuna. C na lissafi da fizik. D ya fi karkata ga ilimin halittu. Kowane darasi da nauyinsa a lissafin BAC, kuma sashen da ɗalibi ya bi shi ke nuna ƙofofin da za su buɗe masa. Nan ne makin turwaziyem da segond ke da tasiri na gaske. Mai son likitanci ko aikin gona na zamani sai ya riƙe darussan kimiyya tun kafin nan. Wasu sassan jami'a ma ba sa ɗaukar duk wanda ya zo, suna zaɓe bisa sashe da ƙarfin maki, haka ma tallafin karatu na hukumar ANAB yana da sharuɗɗansa. Ko a nan ɗin, shekarun ƙarshe ake kallo. Ɗalibin da ya fara da 8 ya ƙare da 12 ya fi wanda ya fara da 14 ya gangaro.

Jami'ar ma ta matso kusa. Shekaru da dama jami'ar gwamnati ɗaya ce tak, ta Abdu Mumuni a Yamai. A 2010 aka kafa jami'o'in Maradi, Tawa da Damagaram, a 2014 aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Ta Maradi, mai sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo, tana da sassan kimiyya da fasaha, aikin gona da muhalli, kiwon lafiya, da cibiyar fasaha ta IUT, kuma tsakaninta da Dakoro tafiyar kilomita ɗari da ƴan kai ce. Ƙasar noma da kiwo irin Dakoro tana buƙatar ƴaƴanta a waɗannan sassa. Wanda hannunsa ya fi bakinsa kuwa, akwai lisen fasaha na Ɗan Kasawa a Maradi, wanda shi ma da BAC ake fita.

Gyaran ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Ɗalibi ya rufe littafi ya gwada tuno darasi da kansa, ya yi tsofaffin tambayoyin BEPC da alƙalami a hannu, kaɗan-kaɗan kullum. Binciken masana koyo ya daɗe da nuna cewa hakan ya fi haddar dare ɗaya kafin jarabawa. Yara uku ko huɗu su haɗu da allo da fitila mai aiki da hasken rana. Ɗaliban jami'a da ke dawowa hutu su ba ƙannensu ko da awa ɗaya. Kwamitin kula da makaranta da ƙungiyoyin iyaye su san gidan da kowane baƙon yaro ya sauka, da ko yana cin abinci.

Iyaye, in buletin ya zo da 8, kada ku naɗe shi ku ajiye. Ku je makaranta da ƙafarku, ku ce wa malami: "Mushe, a wane darasi yaron nan ya faɗi, kuma daga ina za a fara gyara?" Ku kai wa mai masauki hatsi, ku tambayi yaron da kansa yadda yake kwana da tashi. Sannan ku mayar da shi aji a Oktoba.