Ɗalibin ɗaukar hoton jarida a Gaya: abin da zai kula da shi

Ga ɗalibin da ke koyon aikin jarida a makarantar ESSCOM ta Yamai, wadda a da ake kira IFTIC, Gaya wuri ne mai cike da labari. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da aka rufe gadar da ta haɗa garin da Malanville ta Benin, matafiya da kayansu suka koma tsallaka kogin Isa a kwalekwale.

Sai dai ɗaukar hoto a bakin iyaka yana buƙatar taka-tsantsan. Kafin ya ɗaga kyamara kusa da shingen jandarma ko 'yan duwan, sai ya nuna takardar makaranta, ya nemi izini. Haka ma mai tuƙa kwalekwale ko 'yar kasuwa mai zuwa Kamba ta Nijeriya: bayyana fuskarsu na iya taɓa abincinsu.

Rubutun ƙasan hoto shi ma sai an tantance shi. Tun watan Yunin 2024, dokar laifukan intanet ta maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna. Don haka ɗalibi ya tabbatar da wuri, rana da suna kafin ya wallafa.