Teku a Zauren Gida: Me Za a Fara Saye Kafin a Kiwata Murjani a Sakkwato?

A ƙarshen zangon karatun da ya wuce, wasu ɗalibai uku 'yan aji biyar na sakandare, dukkansu 'yan unguwar Hubbare a birnin Sakkwato, suka kawo mana tambayar da ba mu taɓa samun irinta ba. Sun ga wani bidiyo a waya: tankin gilashi cike da ruwan teku, shuɗiyar fitila a samansa, ƙananan kifaye masu ruwan lemo da ratsin fari suna kai da kawowa a tsakanin wasu halittu masu kama da furanni. Sun tara 'yan kuɗi a asusu, suna so su haɗa irinsa a zauren gidan ɗayansu. Tambayarsu ita ce, me za su fara saye?

Jerin da suka rubuto ya fara da kifi, ya ƙare da fitila. Babu ma'aunin zafi a ciki, babu batir. Da muka zauna muka yi lissafi tare, sai jerin ya juye, kifi ya koma can ƙasa. Mun ga ya dace mu kawo muku yadda lissafin ya kasance, domin darasin Bayoloji da Kemistiri da Fiziks duk sun haɗu a cikin wannan tanki ɗaya.

Murjani dabba ce

Waɗannan abubuwa masu kama da furanni sunansu murjani. Kalmar ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin iyayenmu mata sun san jan murjani na ado, wanda asalinsa daga tekun Bahar Rum ake ciro shi. Wanda ake kiwo a tanki ɗan'uwansa ne. Taro ne na ƙananan dabbobi masu laushin jiki, da yawansu suna gina wa kansu ƙashi da sinadarin kalsiyam kabonet. A cikin naman jikinsu akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, wadda ke haɗa abinci da haske kamar yadda ganye ke yi, ta ciyar da mai masaukinta. Idan zafin ruwa ya haura wanda murjani ya saba da shi da digiri ɗaya kacal, ya kuma daɗe makonni a haka, sai ya kori gansakukar, ya yi fari fat, yunwa ta fara cinsa. Haka ya faru a babban tsaunin murjani na Ostareliya, mai tsawon kilomita kusan 2,300, a shekarun 1998 da 2016 da 2017.

Gaɓar tekun Najeriya ba ta da irin waɗannan tsaunuka, saboda laka da ruwan daɗi da koguna ke kwararowa ba sa barin murjani ya yi gini. Wanda ya fi kusa da saninmu shi ne na Bahar Maliya, tekun da ke gefen Jidda. Ke nan duk murjanin da zai zo Hubbare daga ƙasar waje zai taso, ya sauka a Legas ko Abuja, sannan ya kama hanya. Daga Legas zuwa Sakkwato kimanin kilomita 1,000 ne a mota. Dabbar da ta sha wannan tafiya ba ta cancanci a jefa ta cikin tankin da ba a shirya ba.

Na farko: ma'aunin zafi

Murjani yana son ruwa mai digiri 24 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyas, dare da rana, duk shekara. A Sakkwato kuwa, a watannin Maris da Afrilu da Mayu zafin rana yakan wuce digiri 40, a hunturu kuma dare yakan yi sanyin da ya gaza digiri 20. Littattafan kiwon kifi da aka rubuta a Turai sun fi ba da ƙarfi a kan hita, domin sanyi ne matsalarsu. Mu tamu matsalar zafi ce, ko da yake ƙaramar hita za ta yi amfani a Disamba da Janairu.

Saboda haka muka ba ɗaliban shawara su fara sayen abu mafi araha a jerin, wato ma'aunin zafi. Su cika bokiti da ruwa, su ajiye a daidai inda tankin zai zauna, su riƙa rubuta zafinsa da asuba da la'asar har tsawon wata guda na bazara. Idan ruwan bokiti ya kai digiri 32, na tanki zai fi haka, domin fitila da injina suna ƙara ɗumi.

Hanyoyin sanyaya ruwa uku ne. Fanka da ke hura saman ruwa tana rage digiri kaɗan, ta hanyar da randa ke sanyaya ruwan sha, wato tururi ya tashi ya tafi da zafi. Na biyu, injin sanyaya ruwan tanki, mai aiki kamar firji. Na uku, a sa tankin a ɗaki mai na'urar sanyaya iska da ba a kashewa. A bazarar Sakkwato fanka kaɗai ba za ta isa ba, sauran biyun kuma suna shan wuta sosai.

Na biyu: wutar da ba ta yankewa

A teku ruwa ba ya tsayawa. Igiya ce ke kawo wa murjani abinci da iskar oksijin, ta kwashe masa datti. A tanki, ƙananan injinan tura ruwa ne ke yin wannan aiki. Ruwan gishiri ba ya riƙe oksijin kamar ruwan daɗi, ruwa mai ɗumi kuma ya fi mai sanyi ƙarancinta. Idan aka ɗauke wuta da tsakar daren Afrilu injina suka tsaya, cikin 'yan sa'o'i kifi zai fara haki a saman ruwa.

Ga misalin lissafin da muka yi na tanki mai lita 100. A ce injinan da ke aiki ba tsayawa suna jan wat 25 gaba ɗaya. A sa'a 24 sun ci wat-awa 600. Fitila mai wat 50 na sa'a 9 ta ci 450. Jimla 1,050 a rana, ba a ma sa injin sanyaya ruwa ba, wanda shi kaɗai zai iya cin fiye da haka. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200 a rubuce, amma irin na dalma ba a so a sha fiye da rabinsa. Wannan ya nuna sola da batir da inbata suna cikin kayan tanki tun daga farko. A ƙara da ɗan injin hura iska mai aiki da batirin tocila, don ranar da komai ya tsaya.

Ruwan gishiri yana ɗaukar wutar lantarki ƙwarai. A ɗaga soket sama da ƙasa, nesa da fantsamar ruwa, a bar kowace waya ta lanƙwasa ƙasa kafin ta hau soket don ɗigon ruwa ya zube a can, kuma a kashe komai kafin a tsoma hannu.

Na uku: ruwa da gishiri

A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri kimanin giram 35. Tankin lita 100 zai ci kilo uku da rabi. Gishirin miya ba zai yi ba, haka ma balma ko kanwa, domin ruwan teku yana ɗauke da kalsiyam da magniziyam da wasu sinadarai a ma'auni na musamman. Akwai gishirin da ake haɗawa don wannan aiki, kuma sayensa ba ya ƙarewa. Idan ana canja lita 10 kowane mako, giram 350 ke nan, wato sama da kilo 18 a shekara.

Ruwan famfo yana iya zuwa da kulorin, na rijiyar burtsatse kuma da sinadaran da ke haifar da gansakuka mai rufe murjani. Ɗan burbushin tagulla ma yana kashe murjani da jatan lande. Shi ya sa ake amfani da matatar da ake kira RO, irin wadda wasu masu haɗa fiya wata ke da babbarta. Sai kuma ma'aunin gishiri, haidromita ko rifraktomita, wanda ya kamata ya nuna 1.025 ko 1.026.

Ga wani abu da ke ruɗa sababbin shiga. Ruwa yana tashi ya bi iska, gishiri ba ya tashi. Tankin lita 20 da ya rasa lita 2 a busasshiyar iskar hunturu, gishirinsa ya tashi daga giram 35 zuwa kusan 39 a lita. Don haka da tataccen ruwa marar gishiri ake cike gurbin, kullum. Wannan ne kuma dalilin da ya sa ƙaramin tanki ya fi babba wuyar riƙewa, domin nan da nan zafinsa da gishirinsa ke canjawa.

Na huɗu: tanki, dutse da fitila

Sai yanzu muka iso kan tankin kansa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ta gishiri ma ta ɗan fi. Tankin lita 100 da gilashinsa da duwatsunsa ya fi buhun siminti biyu nauyi, don haka teburin karatu ba zai ɗauke shi ba. A nema masa mazauni mai ƙarfi a daɓe mai daidaito, nesa da taga, a kuma yi masa murfi saboda ƙura.

Babbar matatar tankin teku ita ce dutse mai ƙananan ramuka, inda ƙwayoyin bakteriya ke zama. Kashin kifi yana fitar da amoniya, wadda guba ce. Wasu bakteriya suna mayar da ita naitirayit, wasu su mayar da wannan naitiret, mai sauƙin illa. Kafin su yawaita ana ɗaukar mako huɗu zuwa shida, kuma a duk wannan lokaci ba a sa kifi. Kayan gwajin waɗannan sinadarai uku su ne ke nuna ranar da tanki ya nuna. Akwai kuma na'urar kwashe kumfa, wadda ke kaɗa ruwa da iska, datti ya manne wa kumfar ya taru a kofi. Ƙaramin tanki da ake canja wa ruwa a kai a kai zai iya rayuwa ba ita.

Fitila ta LED mai rinjayen shuɗin haske ce ta dace, domin shuɗi ne ya fi ratsa ruwan teku, kuma ba ta fitar da zafi kamar tsofaffin fitilu. Murjani mai laushi ba ya buƙatar haske mai ƙarfi kamar mai ƙashi, shi ya sa ake farawa da shi.

Na ƙarshe: mai rai

Kifin da ɗaliban suka gani shi ne wanda fim ɗin Finding Nemo na 2003 ya yi wa suna. Yanzu ana ƙyanƙyasarsa a gonakin kifi, kuma irin wannan ya fi dacewa a saya, domin a wasu yankunan Filifin da Indunusiya an daɗe ana fama da masu kama kifin ado da gubar sayanayid, wadda ke kashe murjanin wurin. Murjani mai ƙashi kuwa yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, ba ya ƙetare iyakar ƙasa sai da takardar izini.

Abin da suka yanke

Da aka haɗa kuɗin sola da injin sanyaya ruwa da matata da gishirin shekara, asusun ɗaliban bai kai ko kusa ba. Shawarar da suka yanke ta burge mu. Za su fara da tankin ruwan daɗi da ƙananan karfasa, kifin da ya saba da ruwan Gulbin Rima da zafin ƙasarmu. Da shi za su koyi auna zafi da amoniya da canja ruwa da rubuta komai a littafi. Wanda ya riƙe irin wannan tanki shekara guda, ya ratsa bazara da hunturu kifinsa na raye, ya samu rabin ilimin tankin teku.

Mun kuma tuna musu cewa teku ta taɓa zama a nan. Masana ilimin duwatsu sun nuna cewa shekaru miliyan 60 zuwa 70 da suka wuce ruwan teku ya rufe wannan yanki. Farin dutsen Kalambaina da ake yin siminti da shi a ƙarƙashin tekun ya taru, kuma sinadarinsa ɗaya ne da na ƙashin murjani. An tono ƙasusuwan wata babbar dabbar teku a wannan yanki, aka raɗa mata suna Goronyosaurus, daga sunan Goronyo. Ƙungiyar kimiyya ta makarantarku za ta iya roƙon malamin Jogirafi ya shirya ziyara zuwa wuraren da irin waɗannan duwatsu suke, domin ana samun ɓawon halittun teku a cikinsu.

Ɗaliban Hubbare sun riga sun sayi ma'aunin zafi, bokiti kuma yana zaure. Sun yi alkawarin aiko mana da abin da suka rubuta idan bazara ta wuce, mu kuma za mu buga shi a wannan shafi. Duk makarantar da ta yi irin wannan gwaji, ta aiko da nata mu kwatanta.