Hasken Da Ke Ƙona Ido

Maganarmu ta yau a kan wani haske ne wanda ido ba ya ganinsa, amma yana ƙona ido. Sunansa altirabayolet. Akwai shi cikin hasken rana, akwai shi cikin wutar walda, akwai shi kuma cikin irin fitilar da ake kashe ƙwayoyin cuta da ita a asibiti.

To, me ya kawo zancen? Cikin samarinmu masu gyaran kayan lantarki a Mai'adua da Daura, wani yakan gamu da tsohuwar na'ura mai wata 'yar ƙwaƙwalwa da ake kira EPROM. Kamfanin Intel na Amurka ne ya fito da ita a 1971. Tana da 'yar taga a bayanta. In an haska mata wannan fitila daga nisan inci 1, kamar minti 20, sai abin da aka rubuta a ciki ya goge, kamar yadda almajiri ke wanke allo. Kayan zamani ba sa bukatar haka, amma tsofaffin suna nan. Mai gyara kuwa yakan haɗa akwatin gogewa da kansa. Ga sharuɗɗa, ku isar masa.

Na farko, akwatin ya zama na ƙarfe, rufaffe, ba kafar da haske zai fito.

Na biyu, a sa makunni a jikin murfin, yadda da an buɗe wuta za ta ɗauke.

Na uku, kada a leƙa don a ga ko tana ci. Baƙin tabarau na kasuwa ba abin dogara ba ne.

Na huɗu, a ajiye shi inda yara ba sa kaiwa, ɗakin kuma ya zama mai shan iska.

Na biyar, akwai zaiba cikin ƙwan fitilar, ita kuwa guba ce. In ya fashe, a buɗe tagogi, kowa ya fita tukuna, kada a kwashe da hannu tsirara.

Muguntar hasken nan ita ce ba a jin komai nan take. Sai bayan awa 6 zuwa 12, sau da yawa cikin dare, mutum ya farka kamar an zuba masa yashi a ido, ga hawaye, ga ja, ba ya son ganin haske. Masu walda sun san wannan ciwo.

In haka ta faru, kada a murza idon. Kada a ɗiga nono, ko ruwan sukari, ko a sa kwalli. A jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi, a ɗora bisa idon a rufe, da safe a zo disfensare. Yawanci yakan warke cikin kwana 2. In ya wuce haka, ko gani ya ragu, sai babban asibitin Daura.

Na'ura in ta lalace ana sayen wata a kasuwa. Ido kuwa ba a sayar da shi. Allah ya ba mu lafiya, amin.